DAGA KEJI ZUWA GIDAN GYARAN HALI: TARIHIN SUNAYEN KURKUKU A TURANCI DA TURKANCI

Wannan makon ni aka ɗora wa kawo maƙala, kuma na zaɓi in yi magana a kan wani abu da na taɓa jin kunya a kansa.

A wani zaman karatu na ƙungiyarmu na karanta wani gajeren labarina da na gina a shekarar 1958, zamanin En'e. A ciki akwai wata tsohuwa da aka kama ɗanta kan rikicin haraji, tana kuka tana cewa an kai mata yaro "gidan gyaran hali". Da na gama aka tafa, sai wani dattijo daga cikin iyayen ƙungiya ya gyara zama ya ce, "Ɗana, labari ya yi daɗi, amma tsohuwar nan taka ta riga zamaninta da shekara sittin. A 1958 gidan Yari za ta ce." Aka yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Amma maganar ta tsaya mini a rai, har ta sa na shiga bin diddigin sunayen kurkuku.

Na ɗauki harsuna biyu. Turanci, saboda daga Ingila tsarin kotunanmu da gidajen yarinmu na zamani ya zo. Sai Turkanci, saboda Turkawa sun sauya kalmominsu da gangan cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma da yawa daga tsofaffin kalmomin nasu saiwarsu ɗaya da namu, wato Larabci. Abin da na gano shi ne, kowane suna da aka taɓa raɗa wa kurkuku yana ɗauke da amsar tambaya guda: me masu mulkin wancan lokaci suka ce za su yi da mutumin da suka rufe?

TURANCI: KAMU DA KEJI

Kafin 1066 mutanen Ingila suna da nasu kalmomin, irin su "cweartern", wadda yau ba Baturen da zai gane ta sai masanin tsohon harshe. A waccan shekara Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a ƙarƙashin sarkinsu William, suka riƙe fada da kotu. Shi ya sa mafi yawan kalmomin shari'a na Turanci daga Faransanci suka shigo, har da biyun da kowa ya sani, "prison" da "jail".

"Prison" ta samo asali daga wata kalmar Latin mai ma'anar kamawa ko cafkewa. Daga gare ta aka sami "prisoner", wadda bakin Bahaushe ya mayar fursuna. Ita kuwa "jail" daga kalmar Latin "caveola" ta fito, wato ɗan ƙaramin keji. Ta shiga Ingila ta ƙofa biyu. Normawa suna furta ta da g, mutanen Paris suna furta ta da j. Takardun hukuma suka riƙe rubutun Normawa, "gaol", baki kuma ya riƙe furucin Paris. Don haka idan ka ci karo da "gaol" a tsohon littafi, kamar a sunan doguwar waƙar da Oscar Wilde ya fitar a 1898 bayan zamansa a kurkukun Reading, "jail" za ka karanta, kada ka ɗauka ragar ƙwallo ake nufi.

A 1166 Sarki Henry na Biyu ya ba da umarni a gina "gaol" a duk gundumar da ba ta da shi. Amfaninsa shi ne a ajiye wanda ake tuhuma har alƙalan sarki su zagayo. Idan sun zo sai su yi abin da ake kira "gaol delivery", wato su fito da kowa su yanke masa hukunci, ɗakin ya koma wayam. Hukuncin kansa tara ne, ko bulala, ko turu a tsakar kasuwa, ko rataya. Ke nan a wancan zamani kurkuku ɗakin jira ne kawai.

Akwai kuma "dungeon", wadda muke gani a littattafan tatsuniyoyinsu da ma'anar rami mai duhu a ƙarƙashin ƙasa. Asalinta "donjon", babbar hasumiyar da ke tsakiyar gidan basarake, inda ya fi ko'ina tsaro. Da yake a nan ake ajiye manyan kamammu, a hankali sunan ya sauko daga saman hasumiya ya koma kan ramin da ke ƙasanta.

Waɗanda suka fi daɗewa a irin waɗannan gidaje a da su ne masu bashi. A 1824 aka rufe mahaifin Charles Dickens a kurkukun Marshalsea na Landan saboda bashi, shi kuma Charles, yana ɗan shekara 12, ya koma aiki a wata masana'antar man goge takalmi. Wannan tabon ne ya fito daga baya a littafinsa Little Dorrit. Sai a 1869 doka ta kawar da mafi yawan ɗauri saboda bashi a Ingila.

WURAREN DA SUKA ZAMA KALMOMI

Turanci yana da ɗabi'ar ɗaukar sunan wuri guda ya mayar da shi sunan kowane irinsa. A unguwar Southwark ta Landan akwai wani tsohon kurkuku mallakar Bishop na Winchester da ake kira Clink. Masu tarzoma suka ƙone shi a 1780, ba a sake gina shi ba, amma har yau Baturen Ingila yana cewa wane yana "clink", ma'ana yana ɗaure.

Bridewell kuwa fada ce da aka gina wa Sarki Henry na Takwas. A 1553 ɗansa Edward na Shida ya ba birnin Landan ita, aka mayar da ita wurin tara mabarata da marasa aikin yi da matan banza, ana sa su aikin dole ana yi musu bulala. Irin wannan gida shi aka kira "house of correction", gidan gyara. Ku lura da shekarar. Kalmar gyaran hali da muke ɗauka sabuwa ce ta haura shekara 400 a Turanci, kuma tun ranar farko da bulala ta zo.

Na uku shi ne Borstal, wani ƙauye kusa da Rochester a yankin Kent, inda a 1902 aka fara gwajin ware matasa masu laifi daga manyan fursunoni. Ingila ta soke wannan tsari da dokar 1982, amma sunan ƙauyen yana nan da ransa a Nijeriya. Wanda ya san Kakuri a Kaduna ya san akwai Borstal a can, kuma da wuya ka sami wanda ya san sunan wani ƙauye ne a Ingila.

LOKACIN DA AKA CE TUBA AKE NEMA

A 1773 aka naɗa wani mutum mai suna John Howard babban jami'in shari'a na gundumar Bedford. Da ya leƙa kurkukun garin sai ya tarar da mutanen da kotu ta riga ta wanke suna nan a rufe. Dalili kuwa, mai gadin kurkuku ba shi da albashi, da kuɗin da yake karɓa hannun ɗaurarru yake ci, wanda bai biya kuɗin fita ba ba zai fita ba. Wannan ya sa Howard ya zagaye kurkukun Ingila da na ƙasashen Turai, ya fitar da littafinsa kan halin da suke ciki a 1777.

Bayan shekara biyu, a 1779, majalisar Ingila ta yi dokar da ta shigo da kalmar "penitentiary" cikin harkar ɗauri. Saiwarta ita ce kalmar tuba da nadama ta addinin Kirista. Tunanin shi ne a keɓe mai laifi shi kaɗai, ya yi aiki, ya karanta littafin addini, har ya yi nadama. Shi ma ɗakin da ake rufe shi, "cell", wanda muke ce wa sel, da sunan ɗan ɗakin da masu zuhudu na Kirista ke keɓewa don ibada ne. A Amurka aka kai wannan tunani ƙarshe. Kurkukun Eastern State da aka buɗe a Filadelfiya a 1829 yana rufe mutum shi kaɗai shekara da shekaru, ba ya ganin fuskar ɗan'uwansa ɗaurarre. Dickens ya ziyarci wurin a 1842, ya dawo ya rubuta cewa wannan kaɗaici azaba ce da ta fi dukan jiki muni.

Daga nan sai zamanin "correction" ya dawo da sabuwar riga. A 1954 ƙungiyar jami'an kurkuku ta Amurka ta cire "prison" daga sunanta ta sa "correctional". Wannan iskar ce ta iso mu a 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari ta Nijeriya, kafafen yaɗa labarai na Hausa kuma suka rungumi "gidan gyaran hali". A Amurka dai har yanzu akwai bambanci mai amfani ga mai fassara: "jail" na ƙaramar hukuma ne, na masu jiran shari'a da masu gajeren ɗauri, "prison" kuma na jiha ne ko tarayya, na waɗanda aka yanke wa dogon wa'adi.

TURKANCI: ZINDAN DA FILAFILIN JIRGI

Kafin mu shiga, ga ɗan taimako kan karatu. A rubutun Turkanci harafin c kamar j ɗinmu ake furta shi, ş kamar sh, shi kuwa ğ ba a furta shi sosai, yana ja wasalin da ya gabace shi ne. Kuma idan na ce Daular Usmaniyya a nan, ta Turkawa nake nufi mai hedikwata a Istanbul, ba tamu ta Sakkwato ba.

Masu kallon finafinan tarihi na Turkiyya irin su Ertugrul sun saba jin "zindan". Kalmar Farisanci ce, tana nufin ɗaki mai duhu a cikin ganuwa ko ƙarƙashin hasumiya. Mafi shahara shi ne Yedikule, wato Hasumiya Bakwai, wanda Sarki Muhammadu na Biyu ya gina a Istanbul 'yan shekaru bayan ya ci birnin a 1453. A nan ake tsare jakadun ƙasashen da daular ta shiga yaƙi da su, kuma a nan aka shaƙe Sarki Usman na Biyu a 1622, yana matashi bai kai shekara 20 ba.

Kamar yadda yake a tsohuwar Ingila, a Daular Usmaniyya ma zaman ɗaki ba shi ne babban hukunci ba. Akwai tara da bulala, sannan akwai wasu uku da sunayensu suka bayyana su. "Sürgün" kora ce daga gari, daga kalmar Turkanci mai ma'anar korawa. "Kalebent" haɗin kalmar ganuwa ce da kalmar Farisanci ta ɗauri, wato a kai mutum wani gari mai ganuwa a hana shi fita daga cikinta. Marubuci Namik Kemal ya ɗanɗana wannan: bayan an nuna wasan kwaikwayonsa na kishin ƙasa a Istanbul a 1873, aka tura shi garin Magosa a tsibirin Kubrus, bai dawo ba sai 1876.

Na ukun shi ne "kürek", ma'anarsa filafilin tuƙa jirgin ruwa. Jiragen yaƙin daular da ƙarfin damtse ake tuƙa su, don haka ake yanke wa masu laifi hukuncin zama a kan benci da sarƙa a ƙafa suna tuƙi. Da yake harshen matuƙa a Bahar Rum a wancan zamani cike yake da Italiyanci, sai kalmomin teku suka shiga kurkukun Turkawa suka zauna. "Pranga", marin ƙafa, daga Italiyanci take. "Gardiyan", gandiroba, haka. Har ma "volta", kai-da-komon da ɗaurarru ke yi a tsakar gida daga bango zuwa bango don motsa jini, kalmar matuƙa ce ta juyawa. Abin mamaki, bayan an daina amfani da jiragen filafili da daɗewa, dokar laifuffuka ta 1858 ta ci gaba da kiran ɗauri mai aikin wahala "kürek". Mutum zai yi shekaru yana fasa dutse a tudu, takarda tana cewa tuƙin jirgi yake yi.

Suna kuma da "tomruk", wato gungumen icce da ake zura ƙafar mai laifi a ciki, kamar turu a wurinmu. Daga baya sunan gungumen ya zama sunan ɗakin tsare mutane.

HAPISHANE DA KALMOMIN DA MUKA GADA TARE

A 1839 daular ta shiga zamanin gyare-gyare da ake kira Tanzimat. Aka yi dokokin laifuffuka a 1840 da 1851 da 1858, ta ƙarshen an ɗora ta bisa dokar Faransa ta 1810. A nan ne ɗauri na ƙayyadadden wa'adi ya zama babban hukunci, kuma a 1871 aka buɗe babban kurkuku irin na zamani a unguwar Sultanahmet ta Istanbul. Sabon gini sai da sabon suna, "hapishane": "hapis" daga Larabci habs, tsarewa, "hane" daga Farisanci, gida. Wanda ke ciki kuma "mahpus".

A nan ne Bahaushe zai fara jin ƙamshin gida. Saiwar habs ita ce ta ba mu hubusi a littattafan fiƙihun Malikiyya, dukiyar da aka tsare don Allah ba a sayarwa ba a gado. "Mahkûm", wanda aka yanke wa hukunci, ɗan'uwan hukunci ne da hakimi da mahukunta. "Af" ita ce afuwa. "Nezarethane", ɗakin tsarewa na ofishin 'yan sanda, daga saiwar nazari yake, wato wurin da ake sa wa mutum ido. "Müebbet", ɗaurin rai da rai, daga saiwar abada. Wadda ta fi burge ni ita ce "tevkif", tsare mutum kafin shari'a. Saiwarta waƙafa, tsayawa. Daga nan muka sami gidan waƙafi, daga nan kuma muka sami waƙafin da muke sawa a tsakiyar jimla don mai karatu ya ɗan numfasa. Shi ma Bature kalma ɗaya yake amfani da ita, "sentence", ga jimlar nahawu da kuma hukuncin alƙali.

RANAR DA GWAMNATI TA SAUYA KALMOMI

Bayan rushewar daular aka kafa jamhuriya a 1923 a ƙarƙashin Mustafa Kemal Ataturk. A 1926 aka ɗauko dokar laifuffuka daga ta Italiya, "kürek" da "kalebent" suka fita daga doka. A 1928 aka ajiye haruffan Larabci aka koma na boko. A 1932 aka kafa hukumar harshe, babban aikinta shi ne maye gurbin kalmomin Larabci da Farisanci da na Turkanci tsantsa.

Kalmomin kotu da kurkuku suna cikin waɗanda abin ya shafa. "Mevkuf", wanda ake tsare da shi, ya koma "tutuklu", daga kalmar riƙewa. Tsarewar 'yan sanda ta zama "gözaltı", ƙarƙashin ido. "Hane" ta Farisanci ta ba "ev" wuri, gida a Turkanci, sai aka sami "tutukevi" da "cezaevi". Sai dai wankin bai fita tas ba. "Ceza" ɗin da ke cikin "cezaevi" Larabci ce, ita ce jaza'i, wadda muke furtawa kullum idan muna yi wa mutum addu'ar Allah ya saka masa da alheri. A Larabci sakayya ce ta alheri ko ta sharri, a Turkanci ta ƙuntata ta koma horo kaɗai. "Hükümlü" da ta maye gurbin "mahkûm" ita ma hukunci ce aka liƙa wa ɗafin Turkanci. Har yau sunan hukumar da ke kula da gidajen yarin Turkiyya a ma'aikatar shari'a yana ɗauke da tsohuwar kalmar "tevkif".

A 2004 aka yi sabuwar doka, sunan hukuma na gidan ya zama "ceza infaz kurumu", cibiyar zartar da hukunci. Shi ma "gardiyan" a takarda yanzu jami'in zartarwa da kariya ne.

Akwai kalmomi biyu da aka zubar da jini a kansu. "Koğuş" babban ɗaki ne da ake tara mutane da yawa, suna girki tare suna hira. "Hücre", daga Larabci hujra, ɗan ɗaki ne na kaɗaici. A 2000 gwamnati ta gina sababbin gidaje masu ɗakunan mutum ɗaya ko uku. Jami'ai suna kiransu "oda", ɗaki kawai, ɗaurarru suna cewa "hücre" ne, suka shiga yajin cin abinci. Ranar 19 ga Disamba 2000 jami'an tsaro suka kutsa gidajen yari 20 a lokaci guda, aka rasa ɗaurarru 30 da sojoji 2. Sunan da hukuma ta sa wa wannan samame shi ne "Hayata Dönüş", wato Komawa Rayuwa.

BAKIN TALAKA

Duk wannan sauye-sauye a kan allon ƙofa da takardun ofis yake. Talakan Turkiyya har gobe "hapishane" yake cewa, ko ya tauna ta ya ce "mapushane", kuma da wannan sunan ta cika waƙoƙinsu na gargajiya. A bakin 'yan tasha kuma "kodes" ce, daga kalmar Girkanci mai nufin akurkin kaji. Ku tuna "jail" keji ce. Al'ummu biyu da ke nesa da juna, kowacce da ta dubi wurin sai ta tuna inda ake rufe tsuntsu.

Aikatau ma abin lura ne. Bature "yin lokaci" yake cewa, ko yi wa hukunci hidima. Baturke cewa yake mutum ya "kwanta" shekara kaza. Mu kuma cewa muke ya yi zaman gidan yari, ko ya sha ɗauri. Baturen Ingila yana kiran zaman kurkuku da sunan kunun hatsin da ake ba su, "porridge", kamar yadda ambaton gabza ya isa Bahaushe ya gane inda aka nufa. Dukansu biyu suna sakaya wurin da cewa mutum yana "ciki". Turkawa suna gaida ɗaurarre da addu'ar Allah ya kuɓutar, kuma suna kiran wanda tsautsayi ya kai shi, ba siyasa ba, "kader mahkûmu", wanda ƙaddara ta ɗaure. Malaminsu Said Nursi, wanda ya sha ɗauri sau da yawa, makarantar Annabi Yusuf yake kiran kurkuku.

Marubutansu da dama daga ciki suka koyi wannan harshe. An yanke wa mawaƙi Nazim Hikmet ɗaurin sama da shekara 28 a 1938, ya fita da afuwar 1950. A kurkukun Bursa ya haɗu da wani matashi mai son waƙa a 1940, ya duba rubutunsa ya ba shi shawarar ya koma zube. Matashin shi ne Orhan Kemal, wanda ya zama ɗaya daga manyan marubutan labari na ƙasar, kuma ɗaya daga sanannun ayyukansa sunan wani "koğuş" yake ɗauke da shi, mai lamba 72. Shi kuwa wani kurkukun na Sultanahmet da aka gina wajen 1919, wanda marubuta da dama suka kwana a cikinsa, tun 1996 otal ne na masu hannu da shuni.

ABIN DA YA SHAFE MU

Dattijon nan da ya gyara mini gaskiya ya faɗa. Yari sarauta ce, shi ne mai kula da ɗaurarrun sarki, kuma gidajen yarin En'e suna hannun masarautu har ƙarshen shekarun 1960 da gwamnatin tarayya ta karɓe su. Ɗan Maraɗi ko Damagaram gidan kaso zai ce, daga Faransanci "cachot". Ɗan jarida ya ce magarƙama, abokan ɗaurarre su ce gidan maza, jami'i a gaban makirfo ya ce gidan gyaran hali. Fursuna da beli da ankwa kuma ba za su fito daga bakin mutumin zamanin Shehu ba, shi mari da sasari da turu ya sani. Kowace kalma tana faɗa wa mai karatu wane ne ke magana, daga ina, kuma a wane zamani.

Amma akwai abin da ya fi kuskuren zamani nauyi. A unguwarmu akwai wani saurayi mai gyaran waya da ya sayi waya hannun wani, ashe ta sata ce. Ya yi wata 14 a tsare yana jiran shari'a, daga ƙarshe aka kori ƙarar don mai ƙara ya daina zuwa. Ba alƙalin da ya taɓa cewa ya yi laifi. Da ya dawo, unguwa ta sa masa "tsohon fursuna", iyayen yarinyar da zai aura suka dawo da kayan sa rana. Ni kaina na faɗi wannan kalma a kansa ba sau ɗaya ba kafin in yi wannan bincike.

Turkanci ya raba su da kalma guda-guda, "tutuklu" mai jira, "hükümlü" wanda aka yanke wa. Turanci ma ya raba mai zaman "remand" da "convict". Hausa ba ta rasa ba: akwai wanda ake tsare da shi, akwai mai jiran shari'a, akwai zaman waƙafi, sannan akwai ɗaurarre. Mu ne muke kasala mu tattara su duka mu ce fursuna, alhali alƙaluman hukumar da kanta suna nuna fiye da rabin waɗanda ke gidajen yarin Nijeriya masu jiran shari'a ne. Idan littattafanmu suka riƙa bambanta su, masu karatunmu ma za su fara bambantawa.

Shawarata ga mai rubuta fitowar kurkuku guda uku ce. Ka tantance shekarar labarinka kafin ka zaɓi suna. Ka bar kowane tauraro ya kira wurin da sunan da irinsa ke kiransa. Sannan ka san matsayin mutuminka a shari'a, an yanke masa ko jira yake, don ko kayan jikinsa da zancen da ke ransa sun bambanta.

Aikin wannan mako: a rubuta sakin layi ɗaya inda uwa da lauya da gandiroba suke magana a kan yaro ɗaya da ke tsare, kowa ya ambaci wurin da kalmar da ta dace da bakinsa, ba tare da marubuci ya faɗa mana wane ne wane ba. Mu gani ko za mu gane su. Inda na yi kuskure a gyara mini, musamman 'yan uwa da suka yi karatu a Turkiyya da masana shari'a da ke cikinmu.

Allah ya kuɓutar da duk wanda ke tsare ba da haƙƙinsa ba, ya kare mu da tsautsayi. Sai mun haɗu mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.